Gwangwanin gawayin da ya raba ni da kawuna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wani kolej can wajen Badagishiri, na yi wata rigima da har yau in an taru a gidanmu sai wani ya tono ta. Kuma duk a kan wani baƙin gwangwani ne da bai fi butar shayi girma ba. Tun da kun dame ni da tambayar inda na samo taurin kai, to ku gyara zama.

Gidanmu a Ƙonni yake. Maigidana fataucin albasa yake yi, rabin shekara yana gida, rabi yana bin manyan motoci zuwa bakin teku. Da aka tura ni aiki Badagishiri sai ya sayo mini wata tsohuwar ƙaramar mota, irin waɗanda ake kawowa daga Kwatano bayan sun gama tsufa a ƙasar Turawa. Litinin da sassafe in kama hanya, Juma'a da la'asar in dawo. A shekarar da nake ba ku labari ina da cikin fari, don haka mahaifiyata ta ce ba za ta bar ni ni kaɗai a garin mutane ba, ta riƙa bina duk mako. Ba ta yarda ta zauna gaba, wai hanya tana taho mata a guje cikin ido. Kullum tana baya, ita da ƙullin kayanta da carbinta.

Mai kula da motar kuwa kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Sai kun san ko wane ne shi kafin ku gane nauyin abin da na yi. Mahaifina ya rasu ina ƙarama. Kawu ne ya kama hannuna ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, lokacin da sauran dangi ke cewa a bar ni gida in taya Inna aiki. Shi ya koya mini tuƙi a filin ƙwallo, yana zaune gefena yana ta salati. Kuma a Ƙonni in ana lissafa makanikai, da shi ake farawa. Rabin masu garaji a garin a hannunsa suka koyi riƙe sifana. In ya kasa kunne ya saurari inji ya ce abu kaza ne, to abu kazan ne.

Da bazara ta kankama sai na fara jin warin esansi, wato fetur, a cikin motar. Da safe kaɗan-kaɗan, amma in ta wuni a rana a filin lakwal, da na buɗe ƙofa sai ya buge ni kamar na tura kai cikin jarka. Na gaya wa maigidana. Ya shiga, ya shaƙa, ya fito ya ce shi bai ji komai ba. Ban yi mamaki ba. Mutumin da ya shekara goma yana kwana a kan buhunan albasa, ai hancinsa ya daɗe da yin ritaya.

Na kai wa Kawu. Ya buɗe gaban motar, ya leƙa, ya shafa nan ya shafa can, ya ce babu inda ke ɗiga. Na ce amma ina jin wari. Ya dubi cikina, ya dubi direbobin da ke zaune kan benci, ya yi murmushi.

"Ɗiyata, mota na shan esansi, mi kike so ta yi? Ƙamshin turare? Laulayi na ka damun ki. In kin sauka lahiya za ki ji ta daina."

Aka yi dariya, ni ma na taya su, na koma gida. Don gaskiya a lokacin ko warin albasa da ake soyawa a gidan maƙwabta yana sa ni amai. Na ce wataƙila hancina ne.

A nan ne na yi wautar da ba na son a tuna mini. Tun muna yara, in tuwo ko shinkafa ta yi ƙauri, Inna takan jefa gawayi cikin tukunya ya tsotse warin. Ni kuma malamar kimiyya ce, sai na ga ai na gano magani. Na cika ƙaramar roba da gawayin girki na tura ƙarƙashin kujera. Wari bai ragu ko kaɗan ba. Ranar Juma'ar da muka sami hutu, maigidana ya ari motar zai tafi masallaci da farar shaddarsa sabuwa dal. Ya taka birki, roba ta kife, iska ta shigo ta taga. Ya dawo gida kamar wanda ya fito daga maƙera. Bai yi faɗa ba, ya dai tsaya bakin ƙofa ya ce, "Madam, wagga kimiyya taku, a bar ta lakwal don Allah."

Bayan kwana kaɗan ya bi motar albasa ya tafi, ya bar ni da warina. Na sake komawa wurin Kawu, wannan karon na nace. Ya ja tsaki, ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashin motar. Ba a jima ba ya fito yana kakkaɓe hannu, ya ce ya ga wani siririn tiyo da ke fitowa daga tanki, bakinsa a buɗe, ya cusa masa ƙusa ya ɗaure da waya. Na yi godiya har ƙasa. Kuma wari ya ɗauke, kusan mako guda.

Sai wata rana na tsaya zuba mai wajen masu sayarwa a kwalba bakin hanya. Mutumin yana murɗa marfin tanki sai ga wani huci, fuuu, mai ƙarfi da zafi. Ya yi tsalle baya har ya kusa yar da kwalbarsa.

"Madam, mi kika aje cikin tankin ga? Kububuwa?"

Daga ranar wari ya dawo, ya ma fi na da. Kuma ya canza wuri. Da daga ko'ina nake jin sa, yanzu daga baya yake tasowa.

Daraktan lakwal ɗinmu yana da mota irin tawa sak, sai dai tasa ba ta taɓa shiga hannun Kawu ba. Wata rana lokacin shan iska na roƙe shi ya buɗe mini gabanta. Na buɗe tawa a gefe, na tsaya tsakaninsu ina duban wannan ina duban waccan, kamar mai gyaran takardun jarrabawa. Komai iri ɗaya, sai a wani lungu kusa da gilashi. A tasa akwai wani baƙin gwangwani da siraran tiyo suka shiga suka fita. A tawa sai ƙarfen da ke riƙe shi kawai, wayam, da wani guntun tiyo da aka toshe da dunƙulen roba. Darakta bai san aikinsa ba, ya ce shi dai tuƙi ya iya. Na kwashe kwana biyu ina bincike a waya, ina karanta Faransancin makanikai da kyar. Abin da na fahimta shi ne: esansi in ya ji zafi yana tururi a cikin tanki. Wannan tiyon da Kawu ya toshe shi ke kai tururin cikin gwangwanin. Gwangwanin cike yake da wani irin gawayi da aka sarrafa musamman, shi ke riƙe tururin, in inji ya tashi ya zuƙe shi ya ƙone. Wato dabarar Inna ta tukunya ba ƙarya ba ce, ni ce dai na kai ta inda ba a aike ni ba. An cire gwangwani, tururi ya riƙa fita ƙarƙashin mota yana shigo mana. An toshe tiyo, tururi ya rasa hanya, dole ya nemi wata.

Na zana komai a bayan littafin darasi, amma ban yi magana ba. Wa zai je ya ce wa Kawu ya yi kuskure a aikin mota? Na buga wa maigidana waya, ya ce, "Ki bi abin da Kawu ya ce, ki daina wahal da kanki." Na ce to. Na riƙa sauke gilasai duka, ina tuƙi iska mai zafi tana dukan fuskata.

Abin da ya karya haƙurina ya faru ne wata Juma'a muna dawowa. Mun yi nisa, rana ta take, na ga shirun Inna ya yi yawa. Da ma takan yi ta ba ni labarin gonakin da muke wucewa, wane ya yi sharar gona wane bai yi ba. Na ɗaga ido na duba madubi. Sai na gan ta ta naɗe bakin mayafinta ta danne hanci da baki, idanunta sun yi ja suna hawaye, kanta ya langaɓe jikin ƙofa. Na ja gefe na tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Na fito da ita, na zaunar da ita kan tabarmar sallarta. Ta yi ta tari, ta yi amai, na wanke mata fuska da ruwan gora.

"Inna, tun yaushe kike jin haka?"

Ta goge baki da mayafi. Na sake tambaya.

"An kwan biyu," ta ce. "Duk randa munka yi tahiya sai kaina ya kwana yana sara."

"Kuma kina ji ana ce mini laulayi ne, ba ki ce komi ba?"

Ta dubi ƙasa. "In na ce ina ji, na ƙaryata ƙanena gaban mutane. Ke ɗiya ce, in kin hwaɗi a yi dariya a wuce. Ni in na hwaɗi, magana ta yi nauyi."

Wallahi jama'a, a wurin nan kunya ta kama ni. Tsohuwa mai fama da hawan jini ta yi makonni tana shaƙar guba a bayana, tana rufe baki don kada ran wani ya ɓaci. Ni kuma da digirina da zanena a jaka ina tuƙa ta, don ni ma kada ran wani ya ɓaci. Na ce mata yau gaba za ta zauna, ko hanya ta shigo mata ido ko kada ta shigo. Ta zauna, ta runtse ido har Ƙonni.

Washegari da hantsi na tafi garaji. Asabar ce, wurin cike da direbobi da 'yan kabu-kabu da ke fakewa a inuwa. Na durƙusa na gaida Kawu yadda na saba. Sannan na ce ina son ya ɗaga kujerar baya.

"Don mi?"

"Daga nan wari ka hitowa, Kawu."

"Har yanzu ba ki sauka ba, bale hancinki ya huta," ya ce, aka kwashe da dariya.

Wannan karon ban taya su ba. Na buɗe ƙofar baya, na sa gwiwa, na kama gindin kujera na ja. Ba ta motsa ba. Ciki wata bakwai, zufa tana shiga mini ido, ɗankwali ya zame, na tabbata abin kallo ne. Wani direba ya ce, "Madam, a hankali, kada ki haihu muna nan." Na sake ja da duk ƙarfina, sai ji na yi ƙaf, kujera ta ɗago, na kusa faɗuwa da baya.

Dariya ta tsaya. Ba sai na yi bayani ba, wari ne ya yi. Ƙarƙashin kujerar akwai wani faifan ƙarfe da ke rufe saman tanki, duk gefensa ya jiƙe sharkaf, ƙura ta zama baƙin taɓo. Soson kujerar ya sha mai har ya canza launi. Wani mutum da ke tsaye kusa da taba a hannu ya ja da baya da sauri, ya murje ta a ƙasa da takalmi. A kan wannan soson Inna take zama.

Da na yi shiru a nan, da wataƙila Kawu ya gyara robar da ke like bakin faifan, an wuce wurin. Amma na riga na hau. Na ciro littafin darasi, na buɗe zanena a gaban kowa.

"Kawu, ba robar ce ta fara lalacewa ba. Tiyon da ka toshe shi ya hana tanki numfashi, shi ya sa ya fasa ta nan. Kuma tun farko gwangwanin gawayin da aka cire ne ya jawo komi. Ina son a maida shi."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya dubi littafin, bai karɓa ba.

"Ni za ki koya ma mota da takardar lakwal? Ni da na kai ki lakwal ɗin? Gwangwanin ga ado na na Turawa, don dokar ƙasarsu sunka sa shi. In ya tsuhwa sai ya riƙa shaƙe inji. Mota nawa na cire ma shi garin ga? Wa ya mutu?"

"Ba sai an mutu ba, Kawu. Jiya Inna ta yi amai bakin hanya."

Wannan maganar ita ce ta fi yi masa ciwo, na gani a idonsa. Amma mutane na kallo, kuma Kawu bai saba ja da baya a gaban mutane ba. Ya nuna bayan garaji da sifanar da ke hannunsa.

"Ga su can tuli, duk waɗanda na cire. Kwashi ki yi miya da su. Amma hannuna ba shi ƙara taɓa motar ga."

Ina jin ya ɗauka zan fashe da kuka in ba shi haƙuri. Ni ma na ɗauka haka. Sai kawai na ga ƙafafuna sun nufi bayan garaji. Akwai wata tsohuwar rabin durom cike da su, wasu sun fashe, wasu gizo-gizo ya yi gida a ciki. Na tsuguna na tona, ina gwadawa da zanena, na zaɓi uku masu kama da na motar darakta. Na rungumo su a kan cikina, hannuwana baƙi ƙirin, na ratsa tsakiyar maza. Na zuba su a but ɗin motata, na dawo na durƙusa na ce, "Kawu, na tahi, a huta lahiya." Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Ashe rigimar ba ta ma fara ba. Kafin la'asar labari ya zaga Ƙonni. Garaji huɗu na je a kwana biyu. Kowanne sai a tarbe ni da fara'a, a kawo kujera, a tambayi jiki, sannan maigidan wurin ya sosa ƙeya. Ɗayansu ya fito mini fili.

"Madam, ki yi haƙuri. Shekara tara na yi ina cin tuwon gidanshi. In na sa abin da ya cire, da wane ido zan dube shi?"

Ban ga laifinsa ba, amma ban fasa ba. A gida kuma ga Inna tana kuka, wai na tozarta ƙanenta a kasuwa. 'Yan uwa suna ta shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da nasiharsa. Wata gwaggona ta ce boko ne ya hau mini kai. Maigidana ya kira daga can inda yake, ya ce in ajiye motar in riƙa shiga ta haya har ya dawo ya sasanta. Na ce masa motar haya zan shiga, wannan ba gardama, don ba zan ƙara sa Inna a motata ba sai an gyara. Amma gyara kam sai an yi, kuma yadda aka ƙera ta za a maida ta. Ya ce, "Ke dai ba a iya miki." Na ce ai ya sani tun kafin ya kai goro gidanmu.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin wani makanike a Malbaza, wanda ya yi zaman ci-rani a ƙasashen arewa, ƙetaren hamada, ya koyi aiki can, ba shi da haɗi da Kawu. Asabar ta gaba na tashi tun sanyin safiya, kafin rana ta dafa tanki. Na cire soson kujerar na bar shi gida, na sassauta marfin tanki kaɗan don ya sami numfashi, na sauke gilasai, na tafi ni kaɗai a hankali kamar mai rakiyar amarya. Duk ramin da na faɗa sai na yi addu'a. Yau in na tuna, na san ganganci ne, da na nemi a ja ta. Amma a lokacin zuciya ce ke tuƙi, ba ni ba.

Na so in ce muku mutumin Malbaza ya yaba mini, ya ce ni ce mai gaskiya. Bai yi ba. Ya saurare ni, ya duba zanena, ya ɗaga kafaɗa.

"Ni ma cire su nike yi, Hajiya. Kowa cirewa yake. Sai dai ni ba ni toshe tiyon, nan ne aka yi kuskure. Amma motarki ce. In kina so a maida, sai a maida."

"Ina so."

Ya ɗauki gwangwanayen uku, ya girgiza kowanne kusa da kunne, ya sa baki ya hura. Na farko a toshe yake kamar dutse. Na biyu da ya hura sai garin gawayi ya fito ya bule masa gemu. Na ukun ne iska ta ratsa shi lafiya. Ya zare ƙusar Kawu, ya sa sabon tiyo tun daga tanki har gaba, don tsohon ya bushe yana karyewa kamar taliya. Ya canza robar faifan, ya canza marfin tanki. Akwai wani ɗan bawul mai buɗe wa tururi hanya tsakanin gwangwani da inji wanda shi ma ya maƙale, sai da ya aika aka nemo wani a jikin wata matacciyar mota. Ni ina zaune kan tsohuwar taya a inuwa, da littafina a cinya, duk tiyon da ya haɗa sai na ce ya nuna mini inda ya shiga. Har ya gaji ya ce, "Hajiya, ɗaliban naki suna shan wuya."

Da ya gama na ce kada a tayar da ita tukuna. Na sa aka rufe gilasai duka, aka bar ta tsakiyar rana har bayan azahar. Sannan na je na buɗe ƙofa na tura kaina ciki. Zafi kamar tanda, warin tsohuwar roba, warin ƙura. Babu esansi. Na sake shaƙa, na sake. Na zagaya na murɗa marfin tanki, shiru, babu huci. Sai ga ni tsaye a garajin mutane a Malbaza ina hawaye a kan marfin tanki. Makaniken ya kau da kai, ya yi kamar yana neman wani abu cikin akwatin kayan aikinsa.

Na sa aka yi sabon soso. Litinin Inna ta shiga baya ba ta ce mini komai ba, don har lokacin fushi take da ni. Mun wuce rabin hanya sai na ji muryarta: "Dubi gonar can, har yanzu ba su kwashe kara ba. Malalata." Ta yi ta surutu har Badagishiri. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, kuma ban nema ba.

Kawu kuwa ya ɗauke mini wuta. In na je gaishe shi sai a ce ya fita, alhali ga takalmansa a ƙofa. Da na haihu ya zo suna, ya zauna waje cikin maza, ya yi addu'a, ya tafi bai leƙo ɗaki ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. Mutumin da ya tsaya mini a matsayin uba. Na yi kuka a ɓoye ba sau ɗaya ba. Inna ta yi ta matsa mini in je in ba shi haƙuri, in ce sharrin ciki ne ya sa ni. Ta ce kalma ɗaya ce, kowa ya huta.

Bayan na yi arba'in na je. Na same shi shi kaɗai a zaure, na durƙusa, na miƙa masa jaririyar, ya karɓa.

"Kawu, na zo ban haƙuri. Na ɗaga murya gabanka, na buɗe takarda gaban baƙinka. Ya kamata in same ka gida mu biyu. Wannan laihina ne, ka yahe mini."

Ya gyaɗa kai, yana kallon yarinyar.

"Amma Kawu, ba ciki ne ya sa ni ba. Kuma zancen gwangwani, ban janye ba."

Ya ɗago ya dube ni tsawon lokaci. Na ce yau kam sai ya kore ni. Sai ya miƙo mini ɗiyata ya ce, "Tashi ki tahi, rana na yi." Sai da aka ƙara wata biyar kafin ya fara amsa gaisuwata da baki, aka kusa shekara kafin motar ta sake shiga garajinsa. Da ta shiga ya canza mata baƙin mai, ya duba birki, ya bar gwangwanin inda yake.  Na ji dai ana cewa ya daina toshe tiyon a motocin mutane, amma cirewa kam har yau yana cirewa.

Abin da ya tsaya mini a rai daga wannan lamari ba zancen mota ba ne sosai. Yadda na yi saurin yarda cewa hancina ne ke ƙarya, shi ke ba ni haushi har yau. Ina ji, ina gani, na ma zana a takarda, amma da aka yi dariya sau ɗaya sai na naɗe sanina na sa a jaka. Mu an raine mu da kunya, kuma ba na raina kunya, ita ta riƙe gidajenmu. Amma na ga inda ta zaunar da mahaifiyata a kan soso mai jiƙe da esansi tana toshe hanci tana murmushi. Girman babba yana nan, ba na taɓa shi, zan durƙusa masa har in tsufa. Sai dai durƙuso daban, cewa baƙi fari ne daban. Wanda ya fi ka sani sau dubu yana iya kuskure sau ɗaya, kuma in wannan ɗayan a kanka zai faɗo, to buɗe baki ya zama dole, ko muryarka na rawa.

Kawu ya tsufa yanzu, ya bar shiga ƙarƙashin mota, sai dai ya zauna kan benci yana ba da umarni. Sallar layya da ta wuce na je gaishe shi, na tarar yana cin soyayyen nama shi kaɗai. Muka gaisa, muka taɓa zancen damina. Can sai ya dube ni ta gefen ido.

"Ke, har yanzu kina ganin ke ad da gaskiya?"

Na ce, "Har gobe, Kawu."

Ya yi tsaki, ya girgiza kai, ya turo mini kwanon naman gabana.